Lambar da Aku Ke Rerawa

Ɗiyata ce ta riga ni haddace lambar. Muna ce mata Aku saboda duk abin da ya shiga kunnenta sai ya fito ta bakinta, kuma tun da ta shiga aji ɗaya ba ta da waƙar da ta wuce wannan: “Bakwai, huɗu, huɗu, tara, sifili, biyu, shida, ɗaya, ƙame!” Sai ta buga ƙafa a ƙasa ta sara wa duk wanda ke gabanta, ko da kaza ce. Tana wanka tana rerawa, tana cin abinci tana rerawa, har na wayi gari ni ma ina wanke-wanke ina yi ban sani ba. Waƙar tana da wasu baitoci biyu na lambobi, amma na farkon nan shi ne ya zauna mini a kai.

Sajan ne ya koya mata. Shi ke haya a ɗakin da ke bakin ƙofar gidanmu. Ya zo mana da koriyar jaka guda ɗaya da ɗingishi a ƙafar hagu, ya ce nakiya ce ta taɓa shi aka sallame shi daga soja. A wuyansa akwai siririyar sarƙa mai ɗan allon ƙarfe, lambarsa ta soja a jiki, kuma da wannan allon ya koya wa Aku ƙidaya. Mutum ne marar hayaniya. Ya gyara mana famfo, ya ɗaure ƙyauren kicin da ya daɗe yana lilo, ya kori samarin da ke taruwa a ƙofar gida da kallo kawai. In ya goge rigar makarantar Aku, karin sai ka ce zai yanke maka hannu. Ban san ranar da ya zama ɗan gida ba. Na dai ga abincinsa ya koma fitowa daga tukunyata, shi kuma ya ɗauke mini ɗauko Aku daga makaranta, tunda ni ba na tashi aiki sai yamma.

Baban Aku direban babbar mota ne, ya fi daɗewa a hanya a kan gida. Shi ya fi kowa murna da Sajan. “Yanzu ko ina nake sai in yi barci da ido biyu rufe,” in ji shi, “soja na bari a bakin ƙofa.” Mijina mutum ne mai son kira. Zai iya kira daga wata uwa duniya don ya tambaye ni inda ya ajiye hularsa. Har muryar Aku ya ɗauka a waya tana ihu, “Baba, ɗauki waya! Baba, ɗauki waya!” ya mayar da ita ƙarar kiran gida, ya ce ko a tsakiyar kasuwa ta tashi ba ya jin kunya.

Shi ya sa tafiyarsa ta ƙarshen nan ta ba ni haushi. Tare da Sajan suka fita, don ya rage masa hanya zuwa asibitin sojoji a duba ƙafarsa. Sajan ya dawo a motar haya, ya ce Baban Aku ya sami wani kayan ya wuce gaba. Tun daga nan kira ya ɗauke. In na kira, waya a kashe. Sai ina wurin aiki saƙo yake shigowa, gajere kamar na mai jin haushi: “Lafiya lau. Babu sabis.” Na ce a raina, ka dawo ka same ni, za ka ga babu sabis.

Ni sakatariya ce a wani kamfanin masu gadi. Tebur biyu ne a ofishinmu, nawa da na Dogo mai kula da kwamfuta, sai fanka mai kuka da benci inda masu neman aiki ke zama. Rabin waɗanda ke zuwa cewa suke su tsofaffin sojoji ne. Da can in mutum ya zo da kati ya miƙe ƙirji, shi ke nan. Sai da aka ɗauki wani da katin jabu ya kwashe wa mutane sito guda, sannan Manaja ya kafa doka: duk wanda ya ce ya taɓa sa kaki, a duba shi a shafin rundunar soja na intanet. Ana sa lambar mutum, mai dubawa ya sa sunansa da wurin aikinsa, sai hoto da muƙami su fito. Nan take kuma a aika saƙo zuwa wayar mai lambar cewa wane ya duba bayanansa, don sojan gaskiya ya sani in wani yana yawo da sunansa. Mu abin ma wasa ya zame mana. Dogo na dannawa sai mu yi shiru muna kallon aljihun mutum. In waya ta yi ƙara, Dogo ya ce, “Ka ci jarrabawa, Baba.” In ba ta yi ba, yawanci kafin mu ɗago kai mutum ya tuna ya bar wani abu a waje.

A ranar da abin ya faru, Manaja ya leƙo ya ce yana neman shugaban masu gadi a sabon siton da muka karɓa, dattijo mai hankali wanda ya san aiki. Ban yi wata-wata ba na ce ina da shi a gida. Alheri na yi niyya, Allah ya sani. Mutum ya yi maka ɗawainiya haka, ai ka so ka ga ya samu abin yi.

“Kawo katinsa gobe mu duba,” in ji Dogo.

“Wane kati? Lambar tana kaina.”

Na rera masa ita da sarawar da komai, yana dariya yana bugawa. Na ce ya sa sunana a wurin mai dubawa, don in saƙon ya shiga wayar Sajan ya kira ni, ni kuma in yi masa albishir. Dogo ya danna. ’Yar da'irar nan ta yi ta juyawa, ina tsaye a bayansa da kofin shayi a hannu.

Hoton da ya fito na wani ne. Matashi siriri, mai manyan kunnuwa da wushirya, yana ƙoƙarin ɓoye murmushi a ƙarƙashin hula. Sajan ɗinmu kakkaura ne, baƙi, mai faɗin fuska, ya girme wa wannan nesa ba kusa ba.

“Ka yi kuskure,” na ce. “Sake.”

Ya sake, ina faɗa yana bugawa ɗaya bayan ɗaya. Yaron mai wushirya ya sake fitowa. A ƙasan hoton an rubuta da jan rubutu cewa ya bar bariki da izinin hutu, bai isa gida ba, bai kuma koma ba, ana nemansa har yanzu. Duk wanda ya ga wani yana amfani da lambar, ya danna nan ya sanar.

Na ajiye kofin. Na zauna a bencin masu neman aiki.

“Wataƙila yarinyar ce ta juya lambobin,” in ji Dogo a hankali.

“Ni nake wanke mata wuya in ta rataya allon tana wasa. Da idona na karanta. Ita ce.”

Dogo ya kai hannu kan linzamin kwamfuta. “To Yaya, sai mu sanar.”

“Tsaya!” Ban san na yi ihu ba sai da na ga ya janye hannu. “In ka danna, su wa za su zo?”

“Sojoji mana.”

“Ina za su je?”

Gidana za su je, da motoci da bindigogi, kuma mutumin da za su je nema shi ne zai riƙo hannun ɗiyata daga makaranta in an tashi.

“Kwantar da hankalinki,” ya ce. “Shi ai bai san mun duba ba. Saƙon wayar mai hoton zai je, ba tasa ba. Ki je ki ɗauko yarinyar da kanki, ki kai ta wani wuri, sannan mu danna.”

Maganarsa ta ɗan dawo mini da numfashi. Na ɗauki waya na kira Baban Aku, don ko ba komai ya ji abin da ya jajibo mana. Abin mamaki, yau ta shiga. Ta yi ta ƙara har ta katse ba a ɗauka ba. Na zage shi a raina, zagin da ban taɓa yi masa a fili ba. Sai na shiga hotunan wayata ina neman fuskar Sajan in nuna wa Dogo. Ga shi ranar da Aku ta karɓi kyauta a makaranta, ya juya yana kallon bango. Ga shi yana gyaran famfo, ƙeyarsa kawai. Ga hannunsa riƙe da keken Aku. Mutum ya daɗe haka a gidana, amma ba ni da hoton fuskarsa ko ɗaya. Da ina tsokanarsa cewa kunyar kyamara yake ji kamar amarya.

Na kira malamar ajinsu Aku, na ce kada ta ba kowa yarinyar yau, ina zuwa da kaina.

“A'a, Maman Aku,” ta ce, “ai yanzun nan Sajan ya tafi da ita. Ya ce ke kika aiko shi, wai za ku asibiti. Lafiya dai ko?”

Ban tuna abin da na ce mata ba. Ba a tashi makaranta ba tukuna, da sauran lokaci sosai. Na tsaya da waya a hannu ina kallon Dogo, shi ma yana kallona, sai wayar ta yi ƙara. Sunansa ne a jiki, yadda Aku ta sa ni na rubuta: Kawu Sajan.

“Maman Aku,” ya ce, da muryar nan tasa da yake tambaya ko akwai sauran sabulu. “Saƙo ya shigo mini. Har sau biyu.”

Saƙon yaron mai wushirya ne, amma a hannun Sajan ya sauka.

“Aiki na samo maka, Sajan. Wallahi aiki ne. Manaja ne ya ce…”

“Na gode. Kin danna jan rubutun?”

“Ban danna ba.”

“Wa ke kusa da ke?”

Na kalli Dogo. “Ba kowa.”

“To madalla.” Ya ɗan yi nisa da wayar, na ji ƙarar mota tana wucewa, na ji muryar Aku tana ba shi labarin wata yarinya da ta ɓatar da fensir. “Gai da Mama,” ya ce mata.

“Mama! Kawu ya saya mini lemo!”

“Aku, kina jina…”

“Ki taho gida,” muryarsa ta dawo. “Ke kaɗai. Ba sai kin yi gudu ba, muna nan.”

Ya kashe.

Dogo ya ji komai, don ofishin ba shi da girma. Ya miƙe ya ce zai kira Manaja. Na riƙe hannun rigarsa. Ni da ban taɓa roƙon yaron nan ko biro ba, yau na durƙusa masa a kan siminti.

“Don girman Allah, ƙanena, ka bari in isa. In na karɓe ta zan kira ka, sai ka danna duk abin da kake so.”

“In ba ki kira ba fa?”

“In ka ga rana ta bar tagar nan ban kira ba, ka danna.”

Ya gyaɗa kai, idonsa ya yi ja. Na fita ko jakata ban ɗauka ba.

Mai babur ɗin da na tara dattijo ne mai tsoron rami, kowane kwalbati sai ya taka birki ya lallaɓa. Na ce ya yi sauri, ya ce, “Hajiya, iyali gare ni.” Na ce a raina, ni ma haka. A shataletale muka tarar da cunkoso, wata motar siminti ta mutu a tsakiyar titi. Ina zaune a bayan babur, hayaƙi yana shiga idona, sai na ji bakina yana motsi da kansa. Waƙar nake yi. Na gama baitin farko na shiga na biyu, sai na tsaya cak. Baiti na biyu ma lambobi takwas ne da “ƙame” a ƙarshe. Na uku ma haka. Ban taɓa tambayar kaina lambobin wa ne ba. Allo ɗaya na sani a wuyansa, amma koriyar jakar nan ban taɓa ganin cikinta ba, kuma ɗakinsa ko fitsari zai je sai ya sa kwaɗo.

Na tuna duk ranakun da na bar masa ita. Ranar da zazzaɓi ya kama ta ina wurin aiki, shi ya goya ta zuwa kemis. Shi ya cire mata haƙorin farko da zare. Da hannuna na rubuta sunansa a makaranta a matsayin wanda aka yarda ya ɗauke ta, sunan da ashe na wani ɗan mutane ne da uwarsa ke can tana jira. Tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Layinmu yana nan yadda na bar shi. Mai shago yana kaɗa ƙuda, tela yana taka keke, wata maƙwabciya ta ɗaga mini hannu tana tambaya ko lafiya na dawo da wuri. Na yi mata murmushi. Ban san daga ina murmushin ya fito ba. Ƙofar gidanmu a sakaye take, na tura.

Suna tsakar gida, a kan bencin da ke jikin famfo. Yana zaune, Aku tana tsaye a tsakanin gwiwoyinsa da kayan makaranta, ta jingina bayanta a ƙirjinsa. Hannayensa biyu sun zagayo ta gabanta, ɗaya riƙe da lemo, ɗaya riƙe da wuƙarsa mai naɗewa, yana fere ɓawon a hankali, zare ɗaya dogo da bai tsinke ba. Wuƙar tana kai da komo daidai haɓarta. Koriyar jakar tana gefen ƙafarsa a ɗaure. Ƙofar ɗakinsa a buɗe, karo na farko, ciki an share tas.

“Mama!” Aku ta yunƙura za ta taho.

Ya matse gwiwoyinsa kaɗan. “Tsaya a gama, kada ya tsinke. Rufe ƙofar, Maman Aku.”

Na rufe.

“Sa sakata.”

Na sa.

“Zauna.”

Babu kujera a kusa, na zauna a kan bokitin da ke kife. Tsakanina da ɗiyata bai fi in miƙa hannu sau biyu ba. Ina ganin wurin da kitsonta ya fara warwarewa, ina ganin ƙurar alli a gwiwar hannunta.

“Ban yi zaton daga wajenki zai zo ba,” ya ce yana kallon lemon. Ya zaro wata ƙaramar baƙar waya daga aljihun gaba, tsohuwa mai madannai, wadda ban taɓa ganin ya kira kowa da ita ba. Ya nuna mini ya mayar. “Don irin wannan ranar nake ajiye ta da caji. Ta daɗe ba ta yi ƙara ba.”

“Ban gaya wa kowa ba.”

“Akwai dogon yaron nan na ofishinku. Shi ke taɓa kwamfuta, ke ba ki iya ba. Ke kika gaya mini.”

Ni na gaya masa. A nan tsakar gidan, ina tsince shinkafa ina ba shi labarin ofis, ina kwaikwayon yadda masu katin jabu ke sulalewa, yana dariya.

“Ya yi alkawari ba zai danna ba sai na kira shi,” na ce. Ban faɗi maganar taga ba. Na ɗaga ido na dubi inuwar bango, ta riga ta ci rabin tsakar gidan.

“Mama, me za a danna?” in ji Aku.

“Ba komai, uwata. Maganar aiki ce.”

Ɓawon ya faɗi ƙasa a naɗe. Ya raba lemon, ya sa mata ɓari ɗaya a baki da tsinin wuƙar. Ta karɓa da leɓɓanta kamar yadda ta saba.

“Sajan,” na ce, don ban san wani sunan da zan kira shi ba. “Ka ci abincina. Ba ka taɓa jin na ɗaga maka murya ba. Duk abin da ke tsakaninka da mai hoton nan, ni ban sani ba, ba na kuma son sani. Ka ba ni ita.”

Ya ɗago ya dube ni sosai. Fuskar dai ita ce, wadda ke karɓar kwano da hannu biyu tana godiya. Babu fushi a cikinta, kuma wannan ya fi komai tsorata ni.

“Kin ga hoton?”

“Na gani.”

“Yaya yake?”

“Yaro ne. Mai wushirya.”

“Haka ne,” ya ce. “Mai surutu, kamar wannan.” Ya shafa kan Aku da bayan hannun da ke riƙe da wuƙar.

Na ji kamar ƙasa ta janye daga ƙarƙashin bokitin.

Ya goge wuƙar a wandonsa, gefe da gefe, ya tsaya yana dubanta kamar mai shawara. Wani yaro ya wuce a waje yana gara taya. Keken tela ya tsaya, ya ci gaba. Sannan ya naɗe wuƙar ya sa a aljihu, ya buɗe gwiwoyinsa.

“Je ki wurin Mama.”

Ba ta yi sauri ba, ’yar banza. Sai da ta tsaya ta tattara sauran lemon, ta ɗauki ɓawon don ta nuna mini tsawonsa. Na fizgo ta da ƙarfin da ya sa ta ce wayyo, na rungume ta, na cusa fuskata a wuyanta. Warin lemo take yi da zufa. Ina jin zuciyarta tana bugawa a hankali abinta, tawa kuma kamar za ta fasa ƙirji.

Ya miƙe ya saɓa jakar. Ya taka zuwa ƙofa, sai na ga abin da ya sa tsigar jikina ta tashi: babu ɗingishi. Tafiya yake sumul, da sauri, kamar saurayi.

“Kawu, ina za ka?” in ji Aku.

“Asibiti. Ki riƙa yi wa Mama biyayya.”

“Ƙafarka ta warke!”

“Ta warke.”

Ya sa hannu a kan sakata. Ni kuma na dubi inuwar bango, ta kusa kai famfo. In Dogo ya danna yanzu, in motoci suka shigo layin nan yana bakin ƙofa, ciki zai dawo, kuma mu ne a ciki. Na lallaɓa na zaro waya daga cikin zanena don in ce wa Dogo ya ƙara jira. Ban san yana da ido a ƙeya ba.

“Wa za ki kira?”

Ya juyo gaba ɗaya. Hannunsa ya bar sakata ya koma bakin aljihu.

“Baban Aku,” na ce. Shi ne sunan da ya fara zuwa bakina. “Wallahi Baban Aku. Ka gani.”

Na juya masa fuskar wayar don ya ga ba ƙarya nake ba, na danna sunan mijina da babban yatsa yana kallo.

“Bari,” ya ce da sauri. “Kashe.”

Ban taɓa jin ya yi magana da sauri ba sai ranar. Kiran ya riga ya shiga.

Daga cikin koriyar jakar da ke kafaɗarsa, can ƙasa, kamar an danne da tufafi, wata ’yar murya ta tashi.

“Baba, ɗauki waya! Baba, ɗauki waya!”

Babu wanda ya motsa. Muryar ta yi shiru, ta sake tashi, tana dariya a ƙarshe yadda ta yi ranar da aka ɗauke ta, mijina yana riƙe da wayar yana cewa ta ƙara ɗaga murya. Na tuna gajerun saƙonnin da ba sa shigowa sai ina wurin aiki. Na tuna mutum biyu sun fita a mota ɗaya, ɗaya ya dawo.

“Wayar Baba!” Aku ta yi tsalle. “Mama, wayar Baba ce! Kawu, ina Baba?”

Ta zame daga hannuna za ta ruga wurinsa. Na cafko wuyan hannunta na riƙe da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, na jawo ta jikina, na toshe mata baki da tafina. Tana mutsu-mutsu tana cizona, ban saki ba.

Ya dube ni, ya dubi yarinyar. Bai sauke jakar ba, bai nemi kashe wayar ba.

“Ajiya ya ba ni,” ya ce.

Ya zare sakata ya fita, ya jawo mana ƙofar a hankali yadda ya saba don kada ta yi ƙara. Wayata tana ƙasa inda ta faɗi, kiran bai katse ba. Ina durƙushe riƙe da Aku, muna jin muryarta tana bin layi tana nisa, ta wuce shagon tela, ta wuce mai shago, tana kiran babanta ya ɗauki waya.